Daga Salaga Zuwa Bawku Saboda Ƙaramin Yatsa

Ladan bai gama kiran farko ba muka rufo ƙofar gida, ni da ƙanwata, muka bi ta gefen tsofaffin rijiyoyin Salaga muka nufi tasha. Ita tana ɗauke da ɗaurin buhunan da za ta ciko albasa a Bawku, ni kuma na rungumi jakar kwamfutata da hannun dama, domin na hagu ya daina ɗaukar komai. Saboda wannan hannun na yi tafiyar. Tun da kun dame ni da tambayar inda na shiga har kwana shida teburina yana rufe, to ga labarin. Wanda ya ga ya yi masa tsawo ya wuce abinsa, ban riƙe ƙafar kowa ba.

Ga waɗanda ba su san ni ba: shekara ashirin da biyu na yi ina tuyar ƙosai a bakin kasuwa. Ina da arba'in da ɗaya na shiga ajin manya na yamma, na zauna a kan bencin da jikokin maƙwabtana suke zama da safe, ana leƙe ta taga ana dariya. Wanda ya koya mini bugun takarda wani tsohon akawu ne, Allah ya ji ƙansa, kuma da tsohuwar tafireta ya koya mini, irin wadda sai an doke ta take amsawa. Yau shekara tara ke nan ina da teburi a gindin darbejiya kusa da kotu. Ina buga wa mutane takardar rantsuwa, wasiƙar neman aiki, koke, yarjejeniyar gona. Teburin nan ba gadonsa na ci ba, ba kuma miji ya ba ni ba.

Tun bara ƙaramin yatsana na hagu da na kusa da shi suka fara ciwo, ciwon ya hau har wuyan hannu. Asibiti suka ba ni ƙwayoyi suka ce in huta, kamar hutu abu ne da ake saya a kanti. 'Yata nas ce a Kumasi. Ta kafa mini sharaɗi: za ta zo Babbar Sallah, ta cika buta da ruwa, in ɗaga da hannun hagu in yi alwala. In na kasa, a rufe teburi, in bi ta Kumasi in zauna da jikoki. Na amsa a gaban kawunta da yayyenta, saboda bakina ya fi hankalina sauri. Daga baya ne wani akawun kotu ya dubi kibod ɗina na roba, wato allon maɓallan kwamfuta, ya ce wataƙila shi ne ke cin hannuna. Ya ce akwai wani malamin kwamfuta a Yendi mai sayar da irin wanda kowane maɓalli yake da nasa sifirin a ciki. Ya ce in yi oda ta waya. Na ce ni ko allura ba na saya sai na taɓa.

Hanyar Salaga zuwa Bimbilla ba ta sauya hali ba. An yi ruwan farko kwana biyu kafin mu tashi, jar ƙasa ta zama kunu, direba yana zaɓen rami kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Kuɗin mota ya ƙaru kan na watan jiya, kwandasta ya ce mai ne, na ce masa ai man ba a kaina za a zuba ba. Da gari ya waye muka riƙa wuce mata da kwanoni a ka suna tsintar kaɗanya, maza kuma suna tayar da tudun doya a gona, layi-layi har iya ganin ido. A Bimbilla muka tsaya karyawa. Doya ta yi tsada kamar ba garin doya ba, sai muka sha koko da ƙosai. Ƙosan nan an jefa shi tun mai bai yi zafi ba, ya sha ya ƙoshi. Na faɗa wa mai tuyar. Ba ta gode ba. Ƙanwata ta ce in haka zan yi duk hanya, gara ta sauka ta bi wata motar.

Mun shiga Yendi kafin azahar. Garin nan babur ya fi mutum yawa, tsohuwa da carbi a hannu sai ka ga ta wuce ka a guje. Dagbancina, yaren garin, kalma ɗaya ce, “Naa”, kuma ta ishe ni, don duk gaisuwar da aka jefo da ita nake tarewa. Mun sauka gidan wani malami mai islamiyya, wanda matarsa 'yar gwaggonmu ce. Aka kawo wake da shinkafa da yaji mai kyau. Ban tsaya hira ba, ana sallame la'asar na sa aka raka ni wurin Tica, haka duk unguwar ke kiran malamin kwamfutar.

Nan na fara shan mamaki. Mutum mai mata da 'ya'ya, ya jera kibod bakwai a jikin bango kamar kwallar amarya, wasu har fitila ke ci a ƙarƙashinsu. Na tambaye shi hannunsa nawa. Ya yi dariya, ya ɗauko wani faranti mai maɓallai goma sha biyu waɗanda ba harafi a kansu. Ya cire hular ɗaya, sai ga ɗan akwati kamar ƙwayar sukarin shayi. Shi ne suwic, in ji shi, kuma a cikinsa akwai sifirin siriri wanda ke mayar da maɓalli sama in an danna. Ya ce iri uku ne. Akwai mai sulɓi, wanda ke tafiya har ƙasa ba abin da ke tare shi. Akwai mai tudu, wanda yatsa zai ji ya haye wani ɗan ƙulli a hanya daidai lokacin da harafi ya shiga. Akwai mai ƙara, mai yin ƙyas. Sannan kowane sifirin da nauyinsa, ana auna shi da giram kamar zinariya, daga arba'in da biyar har tamanin. Shekara tara ina dukan maɓalli, ban taɓa sanin yana da nauyi ba. Da ya faɗi kuɗin sabo kuwa sai da na nemi kujera. Kuɗin tunkiya ne mai ciki. Allah ya taimake ni yana da kwance, wanda wani ya yi amfani da shi ya dawo da shi.

To ga inda na yi wauta, kuma zan faɗe ta da bakina kafin ƙanwata ta faɗa muku da ƙari. Mu matan kasuwa da babban yatsa muke gwada komai. Doya, sabulu, man kaɗanya, busasshen kifi, mangwaro, duk shi muke dannawa. Abin da ya lotsa ba ma so, abin da ya tsaya ya yi tauri shi ne na ƙwarai. Tukunya mai nauyi ta fi ƙarko, atamfa mai nauyi ta fi daraja. Da wannan ilimin na tashi, kuma bai taɓa ba ni kunya ba. Saboda haka na ɗora babban yatsa a kan farantin nan na bi su ɗaya bayan ɗaya. Masu arba'in da biyar na ce na yara ne. Masu tudu na ce sun lalace, yashi ya shiga cikinsu. Da na zo kan wani baƙi mai sulɓi, mai giram tamanin, na ji ya tsaya mini kamar sabon sabulu, na ce shi ke nan, wannan za a sa mini duka.

Tica ya sosa ƙeya. “Mma, da kin zauna kin buga ko shafi ɗaya ne tukuna.”

“Na fara sayayya tun ba a yanke maka cibiya ba,” na ce masa.

Ya sake gwadawa, ya ce masu ciwon hannu ba su cika ɗaukar wannan ba. Na ce ciwon ai kayan roba ne suka jawo, kayan ƙwarai nake nema. Sai ya ɗauko wani ɗan hantsaki, ya riƙa zare suwic yana dasa wani kamar mai cire haƙori. Kafin magariba na fito da kibod mai nauyin dutsen niƙa a hammata, ina taku kamar wadda ta ci shari'a.

Washegari da hantsi maigidan da muka sauka ya roƙe ni in buga masa sunayen ɗaliban islamiyyarsa da wasiƙa zuwa ga iyaye. Na ji daɗi, don ina son a ga sabon kayana. Aka fito mini da teburi tsakar gida, matan gida suka kewaye ni. Shafin farko ya tafi lafiya, ƙarar tana tashi kamar ana sussuka. A shafi na biyu ƙaramin yatsana ya fara zafi. Shi ne ke kan harafin “a”, sunayenmu kuwa kun san yadda suke, ba wanda ba ya ciki. A shafi na uku yatsan ya ƙi danna maɓallin gaba ɗaya. Na umarce shi ya ƙi. Wuyan hannuna ya tashi kamar an hura, ɗankwalina ya kwance na kasa ɗaure shi. Na ɗaga ido na ga ƙanwata ta zaro waya tana neman lambar 'yata. Na fizge wayar da hannun dama na zauna a kanta. Bayan mata sun watse na shiga banɗaki na yi kuka, ba na ciwon ba. Saura mako biyar Sallah, na zo neman magani na sayi abin da ya ƙarasa ni, da kuɗina, da bakina.

Na koma wurin Tica. Da ya ce ai na gaya miki, da na samu abin faɗa na huce. Bai ce ba. Ya dubi hannun ya ce shi kayansa saiti-saiti ne, abin da nake bukata sai wanda zai buɗe kowane suwic ya sauya sifirin ɗin ciki. Ya ce akwai wata mai gyaran waya a kasuwar Bawku, wurinta shi ma yake saye, kayanta ta iyakar Togo suke shigowa. Da niyyar in juya gida daga Yendi na fito, in bar ƙanwata ta wuce sarin albasarta ita kaɗai. Sai ga ni a bayanta, kamar jela.

Ranar Alhamis muka kama hanyar Gushegu. Mun tarar da kasuwar dabbobi ta cika, shanu da awaki har bakin titi, buhunan masara da waken suya a jibge. Na sayi wagashi soyayye a wurin wata Bafulatana, cukun nan mai jan baya, shi kam ba abin da zan ce a kansa. Daga Gushegu hanya ta koma gargada, motar tana kaɗa mu kamar nono a ƙwarya, kowane rami sai na ji shi a wuyan hannu. Aka yi ta tafiya har Nakpanduri, inda ƙasa ta ƙare. Ban san yadda zan faɗa muku ba in ba haka ba. Muna cikin tafiya a kan tudu sai na ga duniya can ƙasa, itatuwa kamar tsiron alayyafo, titi ya nannaɗe a jikin dutse kamar igiyar guga. Direba ya kashe rediyo. Ƙanwata, wadda ke da bakin tsiya tun Salaga, ta karanta duk surar da ta sani, ta ƙare ta sake daga farko. Ni ban iya ko karatun ba, na rungume kibod na rufe ido.

Bayan Garu shingayen bincike suka yawaita. A ɗaya aka sauke mu duka, wani soja ya ce in buɗe jaka. Ya ciro kibod ya jujjuya, ya danna maɓalli biyu da yatsa, ya ce, “Madam, wannan ai ya yi tauri.” Mutumin da ke ɗauke da bindiga yini guda ne fa ya faɗi haka. Ƙanwata ta juya baya kafaɗunta suna rawa don dariya.

Mun shiga Bawku bayan la'asar, na ga abin da ya sanyaya mini jiki. Rana tana nan da sauranta amma ana ta jan ƙofofin shaguna, kowa na sauri, ba mai tsayawa dogon gaisuwa. Mai masaukinmu, wata dillaliyar albasa, ta ce saboda dokar hana fita ne, sun saba, kowa ya san lokacin da zai kasance cikin gida. Na lura mata ne suka fi yawa a kan babur, wasu da maza a zaune a bayansu. Ban tambayi abin da bai shafe ni ba, na yi wa garin addu'ar zaman lafiya, ina kuma yi har yanzu. Ta ba mu tuwon zafi da miyar ayoyo da naman zabo. Da hannun dama ake ci, shi ya sa na ci da yawa.

Da safe na nemo mai gyaran. Shagonta bai fi ɗakin wanka ba, maƙale da na mahaifinta, wani dattijo maƙerin zobe da 'yan kunne. Ba za ta wuce shekara talatin ba, da goyo a bayanta, da gilashin ƙara girma a rataye a wuya. Na ajiye mata kibod na fara bayani. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ce in ba ta hannuwana. Ta juya su, ta shafa kan yatsun, ta zaro tsinke daga tsintsiya ta ce in rufe ido, in na ji taɓi in yi magana. Na rufe, ina jira. Na gaji da jira na ce ta fara mana. Ta ce ta taɓa yatsu huɗu.

Na buɗe ido na sa ta sake ina kallo. Ga tsinke a kan fatata, ina gani, ba na ji.

Ta tambaye ni ko na yi aikin wuta. Na ce shekara ashirin da biyu ina tsame ƙosai daga mataci da hannu, ina sauke kasko ba tsumma, har alfahari nake yi da hakan. Ta gyaɗa kai, ta leƙa ta aro sikelin mahaifinta na auna zinariya, mai nuna lamba. Ta ɗora suwic ɗaya a kai da hularsa, ta ce in buga shi da manuni yadda nake bugawa a teburina. Na buga. Lambar ta haura ɗari uku. Na ce sikelin ya lalace. Dattijon daga shagonsa ya ce sikelinsa bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba, ko matan aure. Na sake, haka. Sannan ta ce in danna a hankali da ƙaramin yatsan hagu. Wajen hamsin ya fara karkarwa, zafi ya harba har gwiwar hannu, maɓallin bai kai ƙasa ba.

Ta yi mini bayani a tsanake tana jijjiga goyonta. Tafireta ta koya mini duka, wuta kuma ta kashe mini ji. Tun da yatsuna ba sa jin lokacin da harafi ya shiga, sai in yi ta dukan maɓalli har ya daki ƙasa, wannan dukan shi ke komawa cikin gaɓoɓina sau dubbai a yini. Kibod na roba bai gaya wa yatsuna komai ba. Na Yendi ma bai gaya musu ba, ya kuma ƙara wa ƙananan yatsun kaya. Sai ta ce, “Mma, da wane yatsa kika gwada a Yendi?”

Na ɗaga babban yatsa.

Dattijon nan ya ajiye gudumarsa ya yi dariya har da tari. Ita ta danne tata, don tana da tarbiyya. “Wannan ai aikinsa ɗaya ne a kibod, dogon maɓallin ƙasa mai raba kalmomi. Kin aiki ƙaton gida ya zaɓo wa majinyata kayan da za su ɗauka.”

Na sauke yatsan, na amince ba musu. Waɗanda suka san ni sun san wannan bai cika faruwa ba.

Ta ɗaure mini ido da mayafina, ta jera suwic iri-iri, ta ce kowane yatsa zai zaɓi nasa da kansa, in na ji wani abu a ƙarƙashinsa in ce “nan”. Masu ƙaramin tudu ban ji komai ba, duk sulɓi ne a wurina. Mai ƙara ya burge ni, ya tuna mini da tafiretar malamina, na ce shi nake so. Ta tambaye ni abin da ke kusa da teburina. Na ce titi, da injin niƙa, da masu jiran shari'a suna musu. Ta ce to kunne ba zai yi mini aikin yatsa ba. Can ta sa mini wani, ina dannawa na ji ƙulli sosai tun daga sama, kamar an taka dakalin ƙofa. Manuni ya ji, na tsakiya ya ji, har ƙaramin ya ji. Da ta kwance mayafin na duba, irin wanda na ce yashi ya shiga ne a Yendi.

Saura nauyi. Ta fito da ƙananan ledoji, kowace da lamba a jiki, cike da sifirin kamar gashin masara. Ni da na ga uwar bari na ce a sa mini mafi sauƙi duka. Ta ce in gani da idona. Ta sa mai talatin da biyar, na danna, maɓallin ya sauka ya kasa hayo tudun ya dawo, ya tsaya a hanya kamar motar Bimbilla. Ashe sauƙin ma yana da iyaka. Muka yi ta gwadawa yatsa-yatsa, sikeli yana shaida. Ƙananan biyu suka tsaya a arba'in da biyar, da ɗan maiko da ta shafa da tsinke don ya riƙa dawowa sumul. Yatsun zobe hamsin da biyar. Na tsakiya da manuni sittin da biyu, don in an ba su ƙasa da haka sai su rufta har ƙasa. Ban taɓa jin an raba wa yatsu kaya kowa daidai ƙarfinsa ba. Ta ce ai ko a gida ba a ɗora wa auta tulun da ake ɗora wa babba.

Ta karɓi baƙaƙen na Yendi a musaya, ta ce akwai masu nemansu. Aikin ya ci yini. Kowane suwic sai ta ɓare shi da ɗan ƙarfe kamar gyaɗa, ta zare sifirin, ta sa wani, ta rufe, ta dasa. Ni aka ba aikin miƙo leda. Sifirin ɗaya ya kuɓuce mini ya yi tsalle, muka duƙa mu uku muna nema har da dattijon, a ƙarshe a cikin zanen goyo aka same shi. Da azahar ta aika aka kawo tubani da mai da yaji, muka ci a kan benci, ta ba ni labarin yadda ta koyi gyara a teburin mahaifinta tun tana ƙarama, da kayan aikin zobe. Wajen la'asar, maƙwabta sun fara jan ƙofofi, saura dogon maɓallin ƙasa. Ta ɗauko sifirin guda daga na Yendi, mai tamanin, ta sa a ciki. Ta ce maɓallin dogo ne mai nauyi, yatsan da ke kansa kuma ƙato ne. “Wannan kam kin zaɓa daidai, Mma.”

Ta sa na buga layi uku. Ta riƙe mini gwiwar hannu tana cewa in na ji tudun in saki, harafi ya riga ya shiga, ba sai na raka shi ƙasa ba. Ta kuma faɗa mini gaskiya, wadda na fi so da a yi mini daɗin baki: wannan ba magani ba ne. In ɗaga kujerata, in huta bayan kowane shafi, in koma asibiti, in kuma na ci gaba da duka to ko sifirin auduga aka sa mini banza ne.

Ranar Asabar muka juyo ta gefen Binduri, muka bi Zebilla da Bolga da Walewale, don na rantse ba zan sake ganin dutsen Nakpanduri ba ko daga ƙasa. Buhunan ƙanwata suna saman mota, warin albasa ya shiga har cikin mayafina. Muka kwana Tamale wurin 'yan uwa, Lahadi da rana muka iso Salaga. Duk hanyar nan ƙanwata ba ta ce komai ba, illa duk inda muka tsaya sayen abinci sai ta ɗaga mini babban yatsa ta ce in gwada mata.

Makon farko hannuna bai yarda ba. Shekara tara na duka ba sa fita a kwana bakwai. Sai na riƙa kama kaina ina sussuka, in tsaya, in sake layin a hankali ina neman tudun. A mako na biyu na fara jin sa ba tare da na nema ba. Teburina ya yi shiru har wani tsoho da ya kawo yarjejeniyar gona ya tsaya a kaina yana kallo, ya ce bai ji ƙara ba, anya kotu za ta karɓi takardar da aka buga a hankali haka? Na ce masa in ƙara yake so ga injin niƙa can. Na sa wa kujerata bulo biyu. Na koma asibiti, suka ba ni abin ɗaure wuyan hannu. Kumburin ya sauka a mako na uku. Ciwon bai tafi duka ba, ba zan yi muku ƙarya ba, yana leƙowa in na yi yinin aiki.

'Yata ta iso jajibirin Sallah. Ba ta ɗauki butata ba, babbar ta baƙi ta ɗauko, ta cika ta har baki da hannunta, ta ajiye a tsakar gida, kawunta da yayyenta da ƙanwata suna zaune a tabarma. Na tsuguna, na yi bismilla, na kama da hagu na ɗaga. Ruwa ya ɗan zuba a ƙafata. Ban ajiye ba. Na wanke dama sau uku, na ci gaba har na gama. Ta zo ta kama wuyan hannun tana latsawa irin nasu na asibiti, tana kallon fuskata ko zan yamutsa. Na kalle ta ido cikin ido. Ta saki, ta ce ba a sallame ni ba, an ɗage zama zuwa Ƙaramar Sallah mai zuwa. Na ce na saba, kullum a bakin kotu nake.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai yawa ba ne, amma ya ci mini kwana shida da kuka ɗaya a banɗakin mutane. In za ku zaɓi kayan aiki, ku bar gaɓar da za ta yi aikin ta zaɓa, musamman mai raunin cikinsu. Ku zauna ku yi aikin na gaske da shi kafin ku biya, dannawa ɗaya a tsaye ba gwaji ba ce. In yaron da kuka girma ya ce ku buga shafi ɗaya tukuna, ku buga. Na aika wa Tica da man kaɗanya kwano guda, ban haɗa da wasiƙa ba, ya san ma'anarsa.

Gobe ƙarfe bakwai ina gindin darbejiya, mai takarda ya kawo. Har yanzu duk kalmar da na gama, babban yatsana yana sauka a kan dogon maɓallin nan, in ji taurin Yendi a ƙarƙashinsa. Maɓalli ɗari da huɗu ne a kibod ɗin. Guda ɗaya na ci.